Tsutsotsin Auta Sun Daina Ɓuya

Asabar, bayan la'asar

Yau Auta ta shigo mini gida da tsutsa. Zan rubuta abin yadda ya faru don kada gobe a ce na ƙara gishiri. Mota ta tsaya a ƙofar gida, aka fara sauke akwatunan gilashi da jarkokin ruwan teku da wani ɗan inji mai gurnani. Na ce, "Auta, mene ne kuma wannan?"

Ta ce, "Aikina ne, Mama. An rufe ginin sashenmu, Farfesa ta ce kowa ya nemi inda zai ajiye nasa. Ƙarshen wata kwamiti zai zauna a kaina. In suka lalace, digirin ya lalace."

Ban tambayi dalilin rufe ginin ba. Na ji abin da ake faɗa a gari, ba kuma zan ɗauki zunubin kowa ba.

Ɗakin marigayi ta zaɓa, wai ya fi sanyi. Ta rufe tagogi da baƙin yadi, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta cire farin ƙwan fitila ta sa ja. Ɗakin da babanta yake zama ya yi karatu.

Wanda ya taya ta sauke kayan abokin karatunta ne, Dogo take ce masa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi jiki, ya tambayi ƙafata da ban gaya masa tana ciwo ba. Gaisuwar ta yi yawa.

Lahadi, da hantsi

Ta kira ni in gani, sau ɗaya tak, in ji ta, kafin ta kulle.

Gaskiya ba irin tsutsar da na zata ba ce. Kowace tana zaune cikin wani siririn bututu da ta gina wa kanta da laka, ba a ganin jikinta. Sai dai ta fito da kanta waje, kan kuma gashi ne a baje kamar mafici, wani ja, wani ruwan ƙasa da ratsin fari. Auta ta ce in duba bakin gashin da kyau. Akwai ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana.

Ta ce, "Idanunsu ke nan."

Na ce, "Ido a gashi? Allah mai iko."

Ta ce, "Akwai danginsu masu ido har a wutsiya. Akwai kuma na tsakiyar teku, idonsu ya fi sauran kan girma. Waɗannan ba su ganin fuska, Mama, inuwa suke tsaro. Kifi in zai kawo hari, inuwarsa ce ke fara isowa. Duba."

Ta gitta tafin hannunta sama da ruwan. Kafin in ƙifta ido babu ko ɗaya. Duk sun shige, sai bututu tsirara. Muka jira, can suka riƙa leƙowa a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "To ka ji halitta mai kunya. Da 'yan matan yanzu za su zo su ɗauki darasi."

Ta yi dariya. Aikinta wai ta nuna ko inuwar da ɗan Adam ba ya iya lura da ita, su suna ganinta. Ta nuna hakan a can sashensu, ta faɗa a gaban manya a wani taro, yanzu kwamiti yana so ta maimaita.

Sai ta kulle ƙofa ta rataya makullin a wuya. "Kada kowa ya shiga, Mama. Ko shara."

"Saboda me?"

"Aikin ne haka."

Aikin ne haka. Kalmar da yayarta ta riƙa faɗa mini ke nan a wancan lokacin. Ba zan yi maganar yayarta a nan ba.

Talata, bayan azahar

Dogo ya zo tun safe. Suka shiga, suka kulle, sai yanzu suka fito suna mutsuka ido.

Da ya tafi na ce, "Ke ba za ki iya ke kaɗai ba?"

Ta ce dole su zama biyu. Ɗaya yana juya na'urar da ke kawo inuwar, ɗaya yana kallon ruwan. Kuma sai sun zauna shiru cikin duhu tukuna, har idonsu ya saba.

Mace da namiji su zauna shiru cikin duhu har ido ya saba. Ni ma na yi makaranta, na yi kimiyya har ajin ƙarshe na sakandare. Malaminmu da taga a buɗe yake gwaji.

Laraba, da yamma

Ina wucewa ta bakin ƙofar, ba laɓewa na yi ba, hanyar madafa ce. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa: "A hankali. Sake." Sai ta yi 'yar dariya. Na san dariyar 'yata ta gida, wannan ba ita ba ce.

Na yi gyaran murya. Aka yi tsit.

Alhamis, da safe

Ta tafi ɗebo ruwan teku. A cikin makullan marigayi akwai na kowace ƙofa a gidan nan. Shi mutum ne mai tsari, Allah ya jiƙansa.

Gidana ne.

Alhamis, bayan la'asar

Kujeru biyu, ɗaya nan ɗaya can, tebur a tsakani. Kofin shayi biyu. Babu tabarma, babu matashi. Wannan bai nuna komai ba, mai wayo ba ya barin shaida.

Ban taɓa komai ba. Tocila kawai na haska don kada in yi tuntuɓe. Duk inda hannuna ya gitta sai tsutsotsin su shige. Na tsaya na jira su fito don in tabbata ban kashe mata su ba. Sun fito. Na sake gwadawa don in ƙara tabbata.

Asabar, da hantsi

Maƙwabciyata mai ɗinki ta kawo mini rigar da na ba ta gyara. Tana ninkewa tana cewa, "Maman Auta, ashe mun kusa shan biki? Kullum ina ganin babur ɗin dogon nan a inuwar katangarki."

Na ce, "Karatu suke yi."

Ta ce, "Ai kuwa karatun yana da nauyi, tunda har taga aka rufe masa." Ta yi dariya har allurar bakinta ta faɗi.

Na karɓi rigata. Ba zan sake kai mata ɗinki ba, dama wuyan bai zauna ba. Amma in ita ta gani, layin nan kaf ya gani. Haka aka fara wancan karon na yayarta, da dariyar maƙwabta. Na yi shiru a lokacin, na ce yarinya ta girma. Na ga abin da shiru ya haifar. Ɗaya ta rage mini a gidan nan, ba zan rasa ta ina kallo ba.

Litinin, da safe

Kujerun sun ɗan matso kusa. Ko kuma idona ne.

Talata, da safe

Na duba bayan labule, na duba kwandon shara. Ɓawon lemo da takardar biskit. Akwai wata babbar tsutsa a kusurwar akwatin tsakiya mai jan gashi, ita ta fi kowa saurin shigewa. Ko gefen mayafina ya motsa, ta tafi. Yarinyar kirki.

Laraba, bayan isha'i

Auta ba ta ci abinci sosai ba. Ta ce sakamakon yau bai yi kyau ba, wasu sun ƙi shigewa da ƙaramar inuwa. Wataƙila gajiyar hanya ce ba ta sake su ba. Na ce ta ci abincinta, tsutsa ba ta hana mutum cin abinci sai in akwai wani abu a ransa. Ta dube ni ta ce, "Wani abu kamar me?" Na ce ita ta sani.

Juma'a, da hantsi

Abin da na gani yau ya tsaya mini a rai.

Na ɗaga hannu, rabinsu ko gezau. Na kaɗa mayafi, suka ɗan noƙe suka sake bajewa. Na kashe tocila na kunna, na kashe na kunna. Ƙananan nan na gefe suna tsaye da gashi a waje kamar 'yan matan bakin titi.

Waɗannan halittu da kunyarsu suka shigo gidan nan, da idona na gani. Me suke gani a ɗakin nan da ya cire musu ita? Ido gare su a kowane gashi. Babu abin da ya ɓuya gare su.

Mai jan gashin ce kaɗai ta rage da tarbiyyarta.

Lahadi, da yamma

Sun canza ruwan kaf. Sun auna gishiri, sun auna zafi, Dogo ya kwance na'urarsa a tsakar gida ya sake ɗaurawa. Na ji tana ce masa, "Kai ne ka taɓa ƙwan fitilar?" Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni da ko numfashi sai da izininki nake yi a ɗakin nan?" Ba ta yi dariya ba.

Da ya tafi ta same ni ina tsince shinkafa. Ta tsaya a kaina.

"Mama, akwai mai shiga ɗakin nan?"

Na ce, "Makullin ba a wuyanki yake ba?"

Ta taɓa wuyanta. Ta ce, "Yi haƙuri. Kaina ne ya ɗau zafi."

Ban yi ƙarya ba. Tambaya na yi.

Litinin, da safe

Yau ma. Dole in san iyakar abin.

Talata, bayan magariba

Ta dawo daga wurin Farfesa idonta jawur. Wai akwai wanda yake yawo da magana a sashensu cewa sakamakon da ta faɗa a taro ƙirƙira ta yi, shi ya sa yanzu ya ƙi maimaituwa. In kwamiti ya yarda da haka, ba digiri kaɗai za ta rasa ba, korar ta za a yi, kuma babu makarantar da za ta sake karɓar ta.

Ta ce, "Mama, wallahi a da suna shigewa. Na gani. Dogo ya gani."

Na ce, "Ki yawaita istigfari. Abu ba ya lalacewa haka kawai."

Ta tashi ta shiga ɗakinta. Na ji tana kuka. Na so in bi ta. Amma kuka iri-iri ne, ban san wanne take yi ba.

Laraba, da safe

Mai jan gashin ma ta bi sahu. Na kawo tafin hannuna dab da ruwa, tana nan a baje.

Na zauna a kujerar Auta na ɗan jima. Ƙafata ce ke ciwo.

Alhamis, da rana

Gobe Farfesa za ta zo ta gani da idonta kafin kwamiti. Na goge kofunan baƙi. Zan samu lokaci in yi mata magana, mace ce babba, ta haifa, za ta gane.

Juma'a, bayan isha'i

Zan rubuta yadda aka yi, domin na san za a juya maganar.

Farfesa ta zo da hantsi. Gajeriya ce, da furfura, takalminta kamar na maza. Ta gaishe ni da ladabi, ta sha shayi rabin kofi. Suka shiga su uku. Wannan karon ba a kulle ƙofa ba, an dai saki labule, don haka na tsaya a bayansa. Ba wanda ya ce in tafi.

Na ji na'urar tana juyawa. Shiru. Farfesa ta ce a ƙara inuwar. Shiru. Ta ce a ƙara. Can ta ce, "Bari in gwada da hannuna." Shiru.

Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "'Yata, ina so in yarda da ke. Amma me zan gaya wa kwamiti? Waɗannan ko bargo aka jefa musu ba za su motsa ba."

Dogo ya ce, "Farfesa, ni shaida ne, a can suna yi."

Ta ce, "Kai sunanka yana kan aikin. Shaidarka ba ta da nauyi."

Auta ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ne ya ɗaga ni. Duk abin da 'yata ta yi, ba maƙaryaciya ba ce, ni na raine ta. Na ɗaga labule na shiga.

Na ce, "Farfesa, ki gafarce ni. In shaida ake nema, ga ni. Tsutsotsin nan da kunyarsu suka zo. Yatsa ɗaya in na ɗaga, duk sai su shige. Waccan mai jan gashin har ranar Litinin tana ɓuya. A gabana suka riƙa lalacewa, kullum da safe ina dubawa, yau wannan ta fitsare, gobe waccan. Ki tambayi wannan dogon abin da yake yi da 'yata a cikin duhu, da har dabba ta gani ta daina jin kunya."

Na faɗa da ƙarfi, ban yi in'ina ba.

Babu wanda ya kalli Dogo. Ni suke kallo.

Farfesa ta ce, "Hajiya, kullum da safe?"

Na ce, "Gidana ne."

"Kina ɗaga musu hannu?"

"Don in gwada su."

"Sau nawa a rana?"

Na ce ban ƙirga ba, ni ba ɗalibarta ba ce.

"Da fitila?"

Na ce da tocila, ko so take in karye a ɗakin mijina?

Sai matar nan ta zauna a kujera ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa. Na zaci kuka take. Da ta ɗago ta ce, "Alhamdu lillahi. Yarinya, ba ki yi ƙarya ba." Ta juyo gare ni ta yi mini bayani kamar mai magana da 'yar aji ɗaya. Wai duk halittar da inuwa ta yi ta gitta mata, ta ɓuya, ta fito ta ga babu abin da ya same ta, a ƙarshe sai ta daina wahalar da kanta. Sabo ne kawai. Shi ya sa ake kulle ɗakin.

Na ce, "To ai maganata ke nan. Haka 'yan mata ma suke lalacewa, da sabo."

Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Ya ce, "Mama, Allah ya huci zuciyarki," ya fita.

Auta tana jingine da bango. A jan hasken nan ban iya ganin fuskarta sosai ba. Ta ce, "Na tambaye ki, Mama."

Na ce, "Da kin gaya mini dalili."

Ta ce, "Na tambaye ki ranar Lahadi. Har na ba ki haƙuri."

Asabar, da rana

Ba ta fito ba. Na ajiye mata abinci a bakin ƙofa, ƙuda ya ci rabonsa.

Ita ce ba ta yi bayani ba. Aikin ne haka, aikin ne haka. Uwa ba 'yar haya ba ce da za a kulle mata ɗaki a gidanta.

Lahadi, bayan la'asar

Ta fito ta zauna nesa da ni. Ta ce Farfesa tana so in je gaban kwamiti in maimaita abin da na faɗa, ban da maganar Dogo. In ban je ba, maganar Farfesa kaɗai ba za ta isa ba, za a ce rufa wa ɗalibarta asiri take yi.

Na ce, "In tsaya gaban maza baƙi in ce ina bin diddigin 'yata?"

Ta ce, "Ba sai kin faɗi dalili ba." Sai ta ce, "Me kika samu a ɗakin, Mama?"

Na ce ɓawon lemo.

Ta ce, "To."

Rashin samu ba shi ne rashin abu ba. Amma ban faɗa mata haka ba.

Talata, da yamma

Na je. Na sa mayafina mai kyau. Dogon tebur, mutane a jere da robobin ruwa a gabansu. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Wani mai gemu ya tambaye ni yadda nake kaɗa hannun, na nuna masa. Na ƙarshen tebur ya yi dariya ya mai da ita tari. Na kalle shi har ya sha ruwa.

Sun wanke ta. Babu kora, babu maganar ƙirƙira.

Amma babu digiri bana. Waɗannan tsutsotsin ba za a sake dogara da su ba, sai an kamo sababbi an faro daga tushe. Akwai wata tashar bincike can bakin teku mai nisa, da ɗakunan kwanan ɗalibai. Farfesa ta ce ta nema mata wuri. Ban ji lokacin da aka tambaye ni ba.

A mota na ce, "Kin ga dai na tsaya miki." Tana kallon taga.

Alhamis, da hantsi

An kwashe akwatunan. Dogo bai shigo ba, daga waje ya riƙa karɓa. Ya gaishe ni a tsaye, gajeriyar gaisuwa.

Ta ɗauki kaya fiye da na wata ɗaya ko biyu. Har bargon sanyi, alhali zafi ake yi. Na tsaya a ƙofar ɗakinta ina faɗa mata abin da ya kamata uwa ta faɗa: ta kula da salla, ta kula da irin ƙawayen da za ta yi, kada ta bar kowa ya saba da shigar mata ɗaki. Tana ninke kaya tana cewa to, to.

Na ce, "Ai ba sai kin kwana can ba. Ki kawo sababbin nan. Ba zan shiga ba."

Ta zuge jakar. Ta ce, "Na sani, Mama."

"To?"

Ta durƙusa ta yi mini sallama kamar yadda na koya mata, babu abin da ta rage. Na sa mata albarka. Na tambaye ta yaushe za ta zo. Ta ce, "Zan kira."

Asabar, bayan magariba

Hanya ce mai nisa, ta gaji. Kuma an ce wajen ba shi da sabis ɗin waya sosai.

Litinin, da yamma

Ba ta kira ba. Wayar nan dama ta tsufa, wani lokaci ba ta ƙara.

Laraba, bayan la'asar

Na shiga wurin mai ɗinki, na ce ta kira lambata in gwada wayar.

Ta yi ƙara.